Ciwon Karkarwa: Gado Ne, Feshi Ne, Ko Tsufa?

Jawabin da aka gabatar a madadin rukunin masu sayar da hatsi, ranar bikin zagayowar kafa ƙungiya

  

Da aka ce bana masu hatsi ne za su yi magana, mun zauna mun yi shawara. Wasu suka ce a yi maganar kuɗin mota daga Dawanau, wasu suka ce a yi ta masu cin bashi su ɓuya. To, waɗannan suna nan, ba inda za su. Mu dai mun zaɓi mu yi maganar abin da ya faru a gidan ɗaya daga cikinmu, kuma da izininta muke yi. Ba za mu kama suna ba. Wadda ta sani ta sani, sai ta riƙe bakinta.

Maigidanta manomi ne, ya haura shekara hamsin. Da damina kuma yana ɗaukar tankin goyo ya yi wa mutane feshi a gonakinsu, a biya shi. Ya fi shekara ashirin yana wannan aiki. Abin ya fara ne daga hanci. Za ta jefa daddawa a miya, gida duk ya ɗauka har maƙwabta, shi ya ce bai ji komai ba. Aka yi dariya aka wuce. Sai bayan gida ya riƙa yi masa wuya, aka ce basir ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Sai ya fara naushi da shure-shure cikin barci, kamar mai faɗa da wani. Can sai hannun dama. In ya zauna shiru, babban yatsa da manuni su yi ta motsi kamar mai jan carbi, alhali babu carbi a hannun. In ya miƙa hannun zai ɗauki kofi sai rawar ta lafa. Tafiyarsa ta koma ƙananan taku, hannun nan ba ya lilo. Murya ta yi ƙasa. Fuska ta daina motsi, har mutane suka ce ya daina fara'a.

Kun san garinmu. Kafin a ce likita, an ce sammu. Kuma da aka tashi nuna yatsa, wa aka nuna? Matarsa. Aka ce ai ga shi kasuwarta tana ta haɓaka shi kuma yana ta lalacewa, a yi lissafi mana. Mace ta fita tun asuba, ta sha rana, ta zuba adashi, ta sayi buhu biyu ya zama huɗu, rana ɗaya a ce da jikin mijinta ta yi kuɗi. Wannan magana ta fi ciwon zafi. Bayan haka dangin yaron da ke neman 'yarsu suka fara ja da baya, wai kada su kwaso ciwon gado. Akuyoyinta uku suka tafi wajen neman magani. Sai da aka shekara biyu ana wannan yawo kafin 'yar wata mambarmu, ma'aikaciyar jinya, ta gan shi ta ce a kai shi asibitin koyarwa wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Likita ya sa shi ya yi tafiya, ya juyo, ya haɗa yatsu ya buɗe da sauri, ya yi rubutu a takarda. Ya yi tambayoyi masu yawa, har da na hanci da na barci. Sannan ya faɗi sunan ciwon. A katin asibiti za ku ga an rubuta Parkinson, mu kuma a bakinmu Fakinsin. Sunan wani likita ne na birnin Landan, James Parkinson, wanda ya fara bayyana ciwon a rubuce a shekarar 1817. Kun ga ashe ba sabon abu ba ne, kuma ba a unguwarmu ya fara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 masu ɗauke da shi sun haura miliyan 8 da rabi, kuma yawansu ya ninka cikin shekara 25. Duk ranar 11 ga Afrilu ma ana tunawa da masu wannan ciwo a duniya.

Ga yadda aka yi mana bayani, mu ma muka yi ta maimaitawa a aji har ya zauna. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ke samar da wani sinadari mai suna dofamin. Shi ne kamar man keken ɗinki. In akwai shi, motsi yana tafiya sumul. In ƙwayoyin da ke samar da shi suka fara mutuwa a hankali, sai jiki ya yi nauyi, ya sandare, ya kama rawa. Ba shanyewar ɓarin jiki ba ne, wanda ke faɗo wa mutum rana ɗaya. Ba farfaɗiya ba ce. Kuma ba a ɗaukarsa. Ku ci kwano ɗaya, ku sha moɗa ɗaya, ku wanke masa kaya, babu abin da zai same ku.

Tambayar da 'yar'uwarmu ta yi wa likita ita ce wadda kowa zai yi: me ya jawo? Amsar ita ce, a wajen yawancin mutane ba abu ɗaya ba ne. Abubuwa ne ke haɗuwa, kamar yadda ba itace ɗaya ke dafa tukunya ba. Akwai shekaru, akwai jini, akwai abin da mutum ya shaƙa ko ya taɓa a wajen aikinsa, akwai kuma yadda yake tafiyar da jikinsa. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shekaru, kuma su ne babba. Yawanci ciwon yana bayyana ne daga shekara 60 zuwa sama, kuma a cikin mutum 100 da suka wuce sittin ana samun kamar mutum 1. Maza sun fi mata kamuwa, kamar uku ne a kan biyu. Amma kada mu ce ba ruwanmu. In ya kama mace, ita ce da ciwo. In ya kama namiji, wa ke jinya? Mu ne dai. Kuma kada a ce tsufa ne kawai a bar dattijo a ɗaki. Tsufa daban, wannan ciwo daban, tunda ga tsofaffi nan 99 da ba su da shi.

Na biyu gado, wanda shi ya kusa kashe auren yarinyar nan. Iyayenmu mata, ku saurara da kyau, don ku ake tambaya in an zo bincike. A cikin masu wannan ciwo 10, kamar 1 ne ko 2 za a samu wani a danginsu na kusa yana da shi. Sauran duk babu kowa a gidansu, daga kansu ya fara, kuma sau da yawa a kansu yake tsayawa. Gaskiya ne ɗan mai ciwon ya ɗan fi ɗan wanda ba shi da shi haɗari, amma mafi yawan 'ya'yan masu ciwon har su tsufa su mutu ba sa yin sa.

Akwai dai nau'in da yake bin jini sosai. Wani yana buƙatar uwa ta ba da, uba ya ba da, kamar yadda muka sani a sikila. Irin wannan ya fi fitowa da wuri, tun mutum bai kai arba'in ba, kuma an fi ganinsa inda auren zumunci ya yi yawa. Saboda haka in a gida ɗaya an samu mutum biyu ko uku, ko ya kama matashi, wannan abin a gaya wa likita ne, a nemi shawararsa. Kuma jinin kowace al'umma da irin nasa. A ƙasashen Larabawa da Buzayen arewacin Afirka, irin su Tunisiya da Maroko da Aljeriya, akwai wani canji a ƙwayar halitta da ake samu a wajen kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon, amma da aka duba a Najeriya da ƙyar ake ganinsa. A 2023 kuma masu bincike, cikinsu har da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas, suka gano wani canjin daban a jinin mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, kuma yawancin marasa lafiyar da aka duba 'yan Najeriya ne. Wanda ya gaji canjin daga ɓangare ɗaya, haɗarinsa ya kai kamar ninki ɗaya da rabi. Wanda ya gada daga uwa da uba, kamar ninki uku da rabi. Ku lura, haɗari aka ce, ba hukunci ba. Mutane da yawa suna ɗauke da shi suna yawonsu lafiya ƙalau. Mace ce fa, 'yar ƙasarmu, a gaban wannan aiki. 'Yan matan da ke bayan rumfa suna danna waya, kun ji dai.

Na uku shi ne ya fi taɓa mu, shi ne kuma ya fi wuyar faɗa, don akwai cinikinmu a ciki. Maganin feshi.

A 1982, a jihar Kalifoniya ta Amurka, an kawo wasu matasa asibiti jikinsu ya sandare cikin 'yan kwanaki, kamar tsofaffin da suka shekara da shekaru da wannan ciwo. Da aka bincika, sai aka gano wata gurɓatacciyar ƙwaya suka yi wa kansu allura da ita, gubar da ke ciki ta je ta kashe daidai wurin nan mai samar da dofamin. Daga nan likitoci suka tabbatar cewa abu daga waje yana iya jawo irin wannan ciwo. Abin da ya ƙara tayar da hankali, ƙirar gubar nan ta yi kama da ta wani maganin ciyawa da manoma ke amfani da shi, mai ƙone ganye cikin kwana ɗaya ko biyu. Sunansa a jikin jarka Paraquat. Ku riƙe harufan: P, A, R, A, Q. Wani bincike da aka yi a kan manoman Amurka, aka fitar a 2011, ya nuna masu aiki da shi, ko da wani maganin ƙwari mai suna Rotenone, sun fi sauran kamuwa da kamar ninki biyu da rabi. Tarayyar Turai ta hana amfani da Paraquat tun 2007. Faransa kuma tun 2012 ta amince cewa manomin da ya daɗe yana feshi ya kamu da wannan ciwo, ciwon aiki ne, yana da haƙƙin diyya. A nan gida ma hukumar NAFDAC ta sanar da hana shi. Amma mu 'yan kasuwa mun san tsakanin sanarwa da rumfa akwai tafiya.

Ba muna cewa duk mai feshi zai kamu ba. Yawancinsu ba za su kamu ba. Likita ma bai ce wa 'yar'uwarmu ga abin da ya kama mijinki ba, ya dai ce shekara ashirin na feshi babu kariya ba ƙaramin abu ba ne. Ku tuna yadda ake yi. Mutum da singileti da silifa, tanki yana ɗiga a bayansa, iska tana dawo masa da feshin a fuska. Bakin famfo ya toshe, ya sa baki ya hura. Ya gama ya zauna ya ci ɗumame bai wanke hannu da sabulu ba. Ya dawo gida ya tuɓe kayan, wa zai wanke? Mu. Da hannu tsirara, a bahon da muke wanke kayan yara. Jarkar ta ƙare, mu ɗauraye mu zuba man gyaɗa ko ruwan sha, don muna ganin asara ce a yar. Ashe ba mai tankin kaɗai ke sha ba.

Yanzu mu juyo kan kanmu, masu hatsi. Wace ce a nan ba ta taɓa ganin an yayyafa wa wake fiya-fiya don kada ƙwaro ya huda shi ba? Kada kowa ta ɗaga hannu, mun san juna. Wannan maganin, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalbarsa, guba ce mai taɓa jijiya, kuma ba a yi shi don a zuba a abinci ba. Saboda shi Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Su sun ƙi ci. To wa ya ci? Mu da 'ya'yanmu da masu sayen mudu ɗaya a hannunmu. Mu ne kuma muke wuni cikin sito muna shaƙa. Ko ba a yi maganar karkarwa ba, wannan ba amana ba ce.

Akwai sauran abubuwa na wajen aiki. Masu walda da ke shaƙar hayaƙin ƙarfe shekara da shekaru a rufaffen shago suna iya samun wani ciwo mai kama da wannan. Sai buguwar kai, musamman mai sa suma ko wadda ake maimaitawa. Kowa ya san Muhammad Ali, zakaran damben duniya. An gano yana da ciwon a 1984 yana da shekara 42, duniya ta gan shi a 1996 yana kunna wutar wasannin Olamfik hannunsa na rawa, ya rayu da shi har 2016. Mutumin da duniya ke tsoron hannunsa ke nan. Wa ya yi masa sammu? Ɗanki mai acaɓa da ke rataye hular kwano a hannun babur, ki gaya masa kai aka yi wa ita.

Sai wani abu da ya kamata kowa ta sani. Wasu magungunan amai da wasu na taɓin hankali, in aka daɗe ana sha, suna kawo rawar jiki da sandarewa kamar wannan ciwo, kuma sau da yawa in likita ya canza su abin yana wucewa. Shi ya sa in za a je asibiti a kwashe duk abin da ake sha a leda a tafi da shi, har wanda aka saya a kemis. Kada dai a daina maganin da likita ya rubuta sai da saninsa. Kuma ba kowace rawar hannu ce Fakinsin ba. Akwai wadda ke zuwa in mutum ya ɗauki cokali ko kofi, akwai ta ciwon maƙoƙo, akwai ta yunwa. Likita ne zai raba.

Na huɗu yadda muke tafiyar da jikinmu. A nan akwai labari mai daɗi. Bincike da yawa sun nuna masu motsa jiki sosai ba su kai masu zama kamuwa ba, kuma wanda ya riga ya kamu, motsa jiki yana taimaka masa ƙwarai wajen tafiya da tsayuwa. Mu da muke cewa mun huta tunda injin niƙa ya zo, ga Keke Napep har ƙofar gida, mu wuni a kan benci daga safe har magariba, to a sake lissafi. An kuma lura masu shan gahawa da shayi ba su kai sauran kamuwa ba. Hajiyoyin shayi, mun ga kuna murmushi, amma ba a ce a cika sukari ba. Za ku kuma ji wani ya ce ai masu shan taba ba su cika yin wannan ciwo ba. An ga hakan a lissafi, gaskiya ne. Sai dai taba tana kashe mutane ta huhu da zuciya fiye da yadda wannan ciwo zai taɓa yi. Wannan gudun yayyafi ne a faɗa kogi.

To ina aka kwana da mijin 'yar'uwarmu? An ɗora shi a kan wani magani mai suna Levodopa, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1960, jiki yana mayar da shi dofamin. Ba ya warkarwa, ciwon yana nan kuma yana ci gaba a hankali. Amma cikin 'yan makonni mutumin da ake ba abinci a baki ya koma yana cin tuwonsa da hannunsa, yana ɓalla maɓallin rigarsa, yana takawa masallaci. Ta ce ranar da ya yi mata dariya sai da ta shiga ɗaki ta yi kuka. Masu cewa sammu suka yi tsit, ko da yake har yau ba wanda ya zo ya ce ta yi haƙuri. Maganar auren kuma, iyayenmu biyu da ke zaune a nan su suka taka har gidan dangin yaron suka yi musu bayani, an kuma sa rana. Matsalar da ta rage kuɗi. Magani ne na kullum, a kan lokaci, har ƙarshen rai, yana da tsada kuma ba kowane kemis ke da shi ba. Watan da ciniki ya yi ƙasa sai ta riƙa raba ƙwaya biyu, jikin kuma ya nuna.

Saboda haka rukuninmu ya zo da roƙo huɗu, muna so a sa su a taron wata mai zuwa a kaɗa ƙuri'a.

Ɗaya, ƙungiya ta sayi buhun PICS da yawa a farashin sari ta ba mambobi bashi. Shi ne buhun nan mai leda biyu a ciki da buhu a waje. A busar da wake sosai, a ɗaure kowace leda daban, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. In ba a huda shi ba yana yin shekara fiye da ɗaya. Ya fi buhun gama-gari tsada, ba mu musa ba. Amma duk mambar da ta koma kansa za ta iya kallon mai saye ido cikin ido ta ce wakena babu magani.

Biyu, duk gidan da ake feshi a samu safar hannu ta roba, takalmin roba, takunkumi da riga mai dogon hannu. Kayan feshi a wanke su daban, da safar hannu. Jarkar da ta ƙare a huda ta yadda ba mai sake zuba komai a ciki. Kada a ajiye magani a ɗakin kwana ko kusa da abinci, kada a haɗa shi a bakin rijiya.

Uku, malama, muna roƙo a ware mako biyu a aji don karanta jikin kwalba da jarka. Mu koyi sunayen nan, mu koyi launin da ke ƙasan takardar: ja ya fi kowanne haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Da can kwalba kwalba ce a wajenmu, mai shago ya ce mai ƙarfi ne mu biya. Yanzu da muka iya haɗa baƙi, ba mu da uzuri.

Huɗu, a buɗe ɗan asusu na masu jinyar doguwar cuta, ko naira ɗari ce a kan kowane zubi, don kada wata ta sake raba ƙwaya biyu.

Akwai na biyar da ba ya buƙatar ƙuri'a ko kwabo. In kika ga hannun wani yana rawa, ko tafiyarsa ta canza, ki ce a je asibiti tun da wuri. In kika ji ana nuna wata da yatsa, ki ce ke kin san sunan ciwon, har kin iya rubuta shi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma abin da ya sami 'yar'uwarmu saboda tana neman na kanta, kowaccenmu yana iya samunta.

Shekaru ba mu da iko a kansu. Jinin da muka gada ba mu muka zaɓa ba. Amma abin da muke zubawa a buhu, da bahon da muke wanki, da maganar da ke fita daga bakinmu, waɗannan a hannunmu suke.

 Masu abinci suna ta yi mana alama tun ɗazu, kuma an tabbatar mana waken da ke cikin shinkafar nan daga buhu mai leda ya fito. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu jinya haƙuri, Ya sa albarka a kasuwarmu, Ya kai mu baɗi da rai da lafiya.